Hutun Iyali a Bakin Tekun Legas: Me Ya Kawo Hayar Kwana, Me Ta Haifar?

A da, magidancin da ya tashi kai iyalinsa hutu Legas otal yake nema. Yanzu da yawa sashen gida sukutum suke kamawa a Lekki, Oniru ko Victoria Island, mai ɗaki biyu ko uku da falo da kicin, a dogon benen da ake hango teku ta tagarsa, su biya kuɗin kwana biyar ko mako guda su koma. Masu gidaje sun ga inda kasuwa ta karkata, har akwai benayen da tun daga harsashi don wannan hayar kwanan aka gina su.

Abu na farko da ya kawo haka lissafi ne. Ɗauki mutumin da ya taso daga Kano ko Kaduna da matarsa, da yara biyar, da mahaifiyarsa, da ƙanwar matar da ke taya raino. A otal sai ya kama ɗaki uku ko huɗu, ya kuma sayi abinci sau uku a rana a farashin otal, wanda Hajiya za ta ɗanɗana ta ture ta ce babu daddawa. A gidan haya kuwa an taho da garin tuwo da kuka da yaji a ƙasan akwati, a leƙa kasuwa a sayo kifi ɗanye, yara su baje katifa a falo. Sai kuma abin da ba ya shiga lissafin kuɗi, amma ya fi kuɗin nauyi a wurin iyalin Musulmi: sirri. Matar gida ta ajiye mayafinta ta sake, a yi jam'in salla a falo, ba sai an ratsa ta gaban mashayar otal da yara ba kafin a kai ɗaki. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa harkar ta zauna da gindinta a wurin mutanenmu.

Waya ce ta sauƙaƙa sauran. A Amurka aka kafa Vrbo a 1995 don haɗa masu gidajen hutu da matafiya, Airbnb ya biyo a 2008 daga San Francisco. A Najeriya dai ciniki mai yawa ta Instagram da WhatsApp yake bi, ta hannun dillalai. Annobar korona ta 2020 ta ƙara wa abin kaimi, lokacin da kowa ke gudun cakuɗuwa da baƙi.

Sannan ga naira. Bayan an sake ta ta nemi farashinta a kasuwa a Yunin 2023, dalar da ake saya a kan naira 460 da ɗoriya a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Kafin nan ma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba ƴan Najeriya biza a 2022, ba a sasanta ba sai a Yulin 2024. Wanda ya saba kai iyali Dubai ya duba aljihu, ya duba fasfo, ya ce teku ai teku ne. Faɗuwar nairar kuma ita ta sa mazauna Ingila da Amurka ke ganin Legas da araha idan sun dawo a Disamba, su ne ke sa farashi ya yi tashin gwauron zabi a wannan watan.

Ta ɓangaren mai gida, hujjar ta fi ƙarfi. Wanda ya karɓi kuɗin shekara a Janairun 2024 ya zuba ido hauhawar farashi, wadda ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen shekarar, tana cinye masa kuɗi ba halin ƙari. Mai hayar kwana kuwa yau ya ga dama ya canza farashi. Ɗan haya na shekara idan ya ƙi biya, fitar da shi sai an yi ta zaryar kotu. Baƙon kwana biyar da kansa yake ɗaukar jakarsa. Sai dai masu ruguwa cikin harkar sukan manta cewa baƙo ba ya karɓar uzurin an ɗauke wuta. Dole janareta ta kwana tana aiki, ga dizal da tsada, ga kuɗin wutar masu rukunin A da aka ɗaga zuwa naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024. Idan damina ta kankama a Yuni da Yuli, gida kan yi makonni ba kowa, kuɗin gadi da shara na tafiya.

To, wa ke biyan ragowar? Kowane sashen gida da aka mayar na kwana, iyali guda ne suka rasa wurin zama na dindindin. Ba zan ɗora wa hayar kwana laifin tsadar haya a Legas ba, domin ƙarancin gidaje ya girme ta nesa ba kusa ba. Amma a unguwannin da ta yi yawa, tana tura ma'aikacin banki da malamar makaranta su ja baya zuwa Ajah da Sangotedo, su riƙa kwashe sa'o'i a cunkoson titin Lekki zuwa Epe. Maigadin da ke buɗe wa baƙi ƙofa, wanda sau da yawa ɗan Arewa ne ko ɗan Nijar, yana samun ɗan ihsani daga masu hutu, ɗakinsa dai na nan a jikin get. Maƙwabta kuma da suka sayi gida don su zauna sun wayi gari kullum da sabuwar fuska a matakala, wani lokaci da kiɗa har asuba.

Inda abin ya daɗe an ga ƙarshensa. A Afrilun 2024 dubban mutane suka yi zanga-zanga a tsibiran Kanari na Sifaniya, suna kukan cewa masu yawon buɗe ido sun hana ƴan gari muhalli. Bayan wata biyu magajin garin Barcelona, Jaume Collboni, ya sanar cewa lasisin gidajen kwana sama da 10,000 da ke birnin zai ƙare a Nuwamban 2028, ba sabuntawa. Barcelona ta iya yin haka ne don ta san adadinsu. Gidan da ake tallarsa a WhatsApp kuwa ba wanda ya ƙidaya shi, alhali otal ɗin da ke kusa da shi na karɓar wa jihar Legas harajin kashi 5 cikin 100 a ƙarƙashin dokar 2009.

Shi kansa bakin tekun ya sauya hannu. Bar Beach, inda talaka da mai kuɗi ke zuwa shan iska kyauta, ya shige ƙarƙashin yashin da aka cike don gina sabon birnin Eko Atlantic. A Elegushi sai an biya a ƙofa. Wurin shaƙatawa na Landmark, wanda masu gidajen kewaye ke tallar kusancinsu da shi, gwamnatin tarayya ta rushe gine-ginen gaɓarsa a ƙarshen Afrilun 2024 don titin Legas zuwa Kalaba. Ke nan "kusa da teku" a talla na iya nufin hangensa kawai daga hawa na tara. Ko an isa gaɓar ma, tekun Legas ba na wasan yara ba ne: igiyarsa na ja da ƙarfi, kuma a Agustan 2012 ya tumbatsa a Kuramo ya ci rayuka. Akasari a kwamin ninkaya na gidan yaran ke ƙarewa.

Abin da ya fi damuna shi ne ginin. Wanda ya taɓa kwana a irin waɗannan gidaje ya ga tsatsa a jikin ƙarfen baranda da na'urar sanyaya ɗaki, ko da gidan sabo ne. Iskar gishiri ke nan, kuma yadda take cin na waje haka take ratsa kankare ta ci rodin da ke ciki. A irin wannan bene kowa sashensa ya mallaka, ginshiƙai da rufi da harsashi kuwa na kowa da kowa ne, gyaransu sai an yi karo-karo. Mai sashen da ke zaune a wata ƙasa yana jiran kuɗin haya zai kashe kuɗi a kan labule da fitilu, don su hoto ke nunawa, ya ja ƙafa idan an zo maganar ginshiƙi. A ranar 24 ga Yuni, 2021, benen Champlain Towers South mai hawa 12 da ke gaɓar Surfside a jihar Florida ta Amurka ya rufta cikin dare, mutum 98 suka mutu. Tun 2018 injiniya ya rubuta cewa kankaren ya lalace, masu sassan suka yi ta jayayya a kan kuɗin gyara. A 2022 jihar ta yi dokar tilasta binciken tsofaffin benaye masu hawa uku zuwa sama, da tara kuɗin gyara a asusu. Nan da nan kuɗin da masu sassa ke biya ya tashi, wasu suka sa nasu a kasuwa.

Benayen Lekki yawancinsu ba su tsufa ba tukuna, amma a kan yashi da fadamar da aka cike suke, a birnin da bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi a Nuwamban 2021 tun ana cikin gininsa, ya kashe sama da mutum 40. Magidanci zai iya kare kansa daga dillalin bogi: ya sa ɗan'uwa ya je ya ga gidan da idonsa kafin a tura kuɗi, ya sa a rubuta masa sharaɗin dawo da kuɗin ajiyar da ake riƙewa saboda ɓarna. Lafiyar ginshiƙi kuwa ba ta ganuwa a bidiyon waya. Wannan sai hukuma ta yi wa gidajen rajista, ta ɗaura izinin hayar kwana da takardar binciken injiniya da ake sabuntawa lokaci-lokaci, irin binciken da Florida ta wajabta wa benayenta bayan ta binne mutanenta.