Keke A Jirgin Ƙasa: Yadda Holand Ta Warware Matsalar Wuri

A ƙasar Holand, inda yawan kekuna ya zarce yawan jama'a, kusan rabin masu shiga jirgin ƙasa bisa keke suke zuwa tasha. Duk da haka kamfanin jiragen ƙasa na ƙasar, wato NS, ba ya marhabin da keke a cikin tarago a kowane lokaci.

Dalilin kuwa na kuɗi ne. Wurin da keke guda zai tare, fasinjoji da dama ne za su tsaya a cikinsa, kuma da safe da yamma ne jirage suka fi cika. Saboda haka a ranakun aiki an hana shiga da keke daga ƙarfe 6.30 zuwa 9.00 na safe, da kuma daga 4.00 zuwa 6.30 na yamma, in ban da watannin Yuli da Agusta. A sauran lokuta sai mai keke ya yanki masa tikiti na dabam, kuma tikitin bai ba shi tabbacin samun wuri ba. Keken da ake naɗewa kuwa an ɗauke masa wannan doka, domin ana lissafa shi cikin kayan hannu.

Abin da kamfanin ya fi so shi ne a bar keke a tasha. A shekarar 2019 aka kammala ma'ajiyar kekuna ta babbar tashar Utrecht, mai ɗaukar kekuna kimanin 12,500. Wanda ya sauka a wani gari kuwa sai ya ɗauki hayar OV-fiets, tsarin da aka soma a 2003, NS ya karɓe shi a 2008. Ta haka fasinja ya samu abin hawa a farkon tafiya da ƙarshenta, tarago bai rasa ko kujera ɗaya ba, ga kuma kuɗin haya na shigowa.

Sai dai wannan dabara ba ta biya wa 'yan yawon buɗe ido bukata ba, waɗanda ke son tafiya da kekunansu. Tarayyar Turai kuwa ta kafa doka a 2021, wadda ta wajabta tanadar wurin kekuna aƙalla 4 a sababbin jiragen fasinja da waɗanda aka yi wa babban gyara.