Iskar Taya A Gajeren Tsere: Me Ya Sa Lissafin Ya Sha Bamban?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci a Agege ko Sabo ta Ibadan ya san tambayar nan: "Nawa za a sa?" Direba ya ce arba'in, a buga masa, ya kama hanya. To a wajen masu tseren mota, amsar wannan tambaya kan raba na ɗaya da na biyar, musamman a gajeren tsere, inda kowace mota ke fita ita kaɗai agogo na ƙirga mata lokaci.

Irin wannan tsere ya daɗe a Ingila. Akwai wani tudu, Shelsley Walsh, da motoci ke rige-rigen hawa tun 1905. Tsawon hanyar mita 914 ne kacal, kuma masu saurin cikinsu ba sa kai sakan 30 sun gama. Wannan gajartar ce ke sauya lissafin iska.

Ga dalili. Taya in tana gudu tana ɗaukar zafi, iskar ciki kuma in ta ji zafi ƙarfinta ƙaruwa yake. A ƙiyasi, duk ƙarin digiri 5 zuwa 6 na zafi yana ƙara psi 1, wato lambar nan da gejin mai faci ke nunawa. Shi ya sa mai dogon tsere ke farawa da iska ƙasa-ƙasa: in 32 yake nema, yana iya tashi da 27, zafi ya cika masa sauran bayan 'yan zagaye. Amma mai gajeren tsere fa? Kafin taya ta ɗumama an gama. Don haka dole ya tashi da lambar da yake so, ko dab da ita.

In iska ta yi kaɗan, gefen taya na lanƙwashewa a kwana, sitiyari ya yi nauyin amsawa, in abin ya yi muni ma taya ta zame daga kan rim. In ta yi yawa, fuskar da ke taɓa kwalta ta ragu, mota ta riƙa tsalle tana sulɓi.

Yaya ake gano daidai? Ana farawa da lambar da kamfani ya liƙa a jikin ƙofar direba, wadda a yawancin ƙananan motoci take tsakanin 30 da 35. Lambar da ke jikin taya kuwa iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Sai a shafa alli a kafaɗar taya, inda zanen ƙasa ya haɗu da gefe. In an dawo aka ga allin ya goge har gefe, taya na kwantawa, a ƙara 2. In kafaɗar ko taɓa ƙasa ba ta yi ba, a rage kaɗan. A gwada dab da tashi, a sake gwadawa da an tsaya, a rubuta. Kuma geji ɗaya ake riƙewa, don geji biyu ba safai bakinsu ke zuwa ɗaya ba.

Mota mai jan gaba, irin su Golf da Corolla, tayoyin gaba ne ke ɗauke da inji, su ke ja, su ke juyawa, saboda haka su aka fi sa wa ido. A lura da rana ma: motar da ta yi awa tana jiran layi, ɓangaren da rana ke duka zai fi na inuwa iska.

Mu da ke bin hanyar Legas zuwa Ibadan ko Onitsha zuwa Fatakwal, namu dogon zango ne. A nan tayar da ba ta da isasshiyar iska, ga lodi, ita ce ke murzuwa ta yi zafi har ta fashe. A gwada iska da safe kafin a motsa mota. In kuma ka tsaya a hanya ka ga lamba ta hau, kada ka sassauta, zafi ne, in ta huce za ta sauko.

Tsere kuma, jama'a, wurinsa fili ne da aka killace, da hular kwano da jami'an agaji. Titin da 'yan makaranta da masu talla ke tsallakawa ba wurin gwada taya ba ne.