Maganin Mura da Ɗan Wasa: A Duba Kafin a Sha

Da zarar hunturu ya kama a watan Disamba, ƙura takan sauko har bakin teku a Baguida, sai asibitinmu ya cika da masu tari da toshewar hanci. A irin wannan lokaci ne wata uwa ta kawo mini ɗanta, saurayi mai buga ƙwallo, wanda aka kira shi gwaji a wata ƙungiya. Ta ɗora wata kwalba a kan tebur ta ce, "Sista, ai na itace ne, ba na Turawa ba. Me zai yi masa?" A jikin kwalbar babu sunan abin da aka haɗa, babu ranar lalacewa. Yaron kuwa ya kwana biyu bai yi barci ba, zuciyarsa tana bugawa da sauri.

Akwai wani tsiro da mutanen Sin suke kira ma huang. Tun zamanin da suke maganin tari da asma da shi. Daga cikinsa ake samun sinadarin ephedrine da ɗan'uwansa pseudoephedrine, wanda ake sawa a ƙwayoyin mura da yawa. Suna matse jijiyoyin jini na cikin hanci, sai hanci ya buɗe. Amma aikinsu bai tsaya a hanci ba. Suna sa zuciya gudu, suna ɗaga jini, suna korar barci. Shi ya sa Amurka ta hana sayar da kayan ƙarin kuzari masu ɗauke da wannan tsiro a 2004.

Hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, wadda aka kafa a 1999, ta hana su a lokacin gasa. Idan ephedrine ya wuce maikrogiram 10 a kowane mililita na fitsari, ko pseudoephedrine ya wuce 150, ɗan wasa ya faɗi gwaji. Dokar ta ɗora wa ɗan wasa alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko da wani ne ya ba shi.

Manya za su tuna gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka. Bayan Ajantina ta ci Najeriya 2 da 1, aka riƙe hannun Diego Maradona aka kai shi gwajin fitsari. Aka sami ephedrine, aka kore shi daga gasar, aka dakatar da shi wata 15. A wasannin Olamfik na Sidni a 2000 kuma, Andreea Raducan ta ƙasar Romaniya, 'yar shekara 16, ta rasa lambar zinariya saboda maganin murar da likitan tawagarsu ya ba ta da hannunsa.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne haɗin da ake tallarsa a kasuwa da tashar mota. Wasu masu haɗawa sukan niƙa ƙwayoyin kanti su zuba don a ce maganinsu yana da ƙarfi. Mai sha bai san me ya shiga cikinsa ba. Ku kuma sani, tun 1 ga Janairu 2024 an hana tramadol a lokacin gasa.

Mura ƙwayar cuta ce da takan wuce da kanta cikin mako ɗaya zuwa kwana 10. A sha ruwa da yawa, a huta, a tafasa citta da kanumfari a matsa lemun tsami a zuba zuma, a kuskure maƙogwaro da ruwan gishiri mai ɗumi. Waɗannan ba sa cikin jerin abubuwan da aka hana. Sai dai kada a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba zuma.

Ɗan wasa, idan ka je asibiti ko famasi, ka faɗa tun farko cewa kana gasa. Ka ajiye kwalin duk maganin da ka sha. Masu hawan jini, masu ciwon zuciya da mata masu ciki, ku tambaya kafin ku sha maganin buɗe hanci. Idan zazzaɓi ya yi zafi, ko numfashi yana wahala, ko tari ya wuce mako 2, ku zo a auna ku, don zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka sukan fara kamar mura.

Yaron nan ya bar kwalbar a wurinmu. Bayan kwana huɗu ya dawo, bugun zuciyarsa ya daidaita, ya tafi gwajinsa.