Ko Ka Sani? Sabbin Tayoyi a Baya Ake Ɗaura Su, Ko da Gaba Ke Jan Motar

Idan motarka irin wadda tayoyin gaba ke ja ce, wato Corolla ko Camry ko Golf ko Peugeot 406 da danginsu, kuma kuɗin hannunka na taya biyu ne kawai, to a baya ya kamata a ɗaura sabbin. Tsofaffin na baya, in da sauran ƙarfi a jikinsu, su ne za su dawo gaba. Wannan ita ce shawarar manyan kamfanonin taya irin su Michelin da Continental da Goodyear, kuma ita ce ta ADAC, babbar ƙungiyar masu motoci ta Jamus da ta yi suna wajen gwajin tayoyi. Amma ka zaga rumfunan masu faci a nan Kwatano, daga Tokpa-Hoho zuwa cikin Zongo, ka gangara Jonquet inda motocin haya ke lodi, akasin haka za ka fi gani. Mai mota ya zo da tayoyi biyu a but, mai faci ya duƙa ya shafa na gaba, ya ɗago ya ce, "Alhaji, waɗannan ne suka cinye, nan za a sa ko?" Shi kuma ya ce, "E mana, ai nan aikin yake." A kafa jak, a canza, a sallami juna.

Hujjarsu ba ta banza ba ce. A irin wannan motar, tayoyin gaba ne ke ɗauke da injin da giya, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar a kansu yake. Su ke ja, su ke karya kwana, kuma yawancin aikin birki su ke yi. Shi ya sa suke riga na baya cinyewa nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ga haka, zuciyarsa za ta ba shi cewa inda wahala take nan ya kamata a kai ɗauki. Ina kuma ganin akwai gadon tsofaffin direbobi a cikin maganar. Waɗanda suka koyi tuƙi da Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ko 505, sun saba da motar da baya ke turawa, suka riƙe cewa taya mai kyau tana zuwa inda ƙarfin injin ke sauka. Da motoci masu ja da gaba suka cika tashar jirgin ruwan Kwatano da filayen sayar da motoci na Sekandji, sai ƙa'idar ta bi injin ta koma gaba. Inda aka kuskure shi ne, ba ja ne ke kashe mutane ba. Ƙwacewar mota ce.

Abin da ya haɗa mota da ƙasa bai taka kara ya karya ba. Kowace taya, wurin da take taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba. Idan titi a bushe yake, ko tayar da ta fara cinyewa tana kama ƙasa daidai gwargwado, shi ya sa mutum zai yi wata da watanni bai ga wata matsala ba. Ranar ruwa ake gane bambanci. Zanen da ke jikin taya ba ado ba ne, magudanai ne da ke kore ruwa daga ƙarƙashinta domin roba ta samu ta taɓa kwalta. Zurfinsu a sabuwar taya kusan milimita 8 ne, kuma kamfanin Continental ya ce sabuwar taya tana iya watsar da ruwa har lita 30 a daƙiƙa ɗaya idan mota na gudun kilomita 80 a awa. Yayin da zanen ke cinyewa, ruwan da take iya korewa yana raguwa, har a kai inda taya za ta hau saman ruwan ta rabu da ƙasa gaba ɗaya. A wannan lokacin ba ta jin sitiyari, ba ta jin birki.

Mu kuwa a Kwatano ruwa ba baƙo ba ne. Gari ne a kwance kan yashi, tsakanin teku da tafkin Nokoué, ga damina biyu a shekara: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. A watan Yuni sai a yi ruwa ya kwanta kan titi kafin magudanai su janye shi. Ga yashin da iska ke shimfiɗawa a bakin kwalta, ga titunan da aka yi wa daɓen duwatsun siminti waɗanda ke santsi da zarar sun jiƙe. Saboda haka tambayar ba ta ko taya za ta zame ba ce. Tambayar ita ce, in za ta zame, wacce ta fi sauƙin gyara, ta gaba ko ta baya?

Ɗauki motar da sabbin tayoyinta ke baya, tsofaffi a gaba. Direba ya shiga shataletalen Étoile Rouge da ɗan gudu, titi a jiƙe. Na gaba ne za su fara sakin ƙasa. Nan take zai ji a hannunsa: sitiyari ya yi sakayau, ya murɗa amma kan motar na neman tafiya miƙe. Abin da kowane direba zai yi ba tare da tunani ba shi ne ɗaga ƙafa daga totur. Kuma wannan shi ne maganin. Gudu ya ragu, nauyin mota ya rinjayo gaba ya danne tayoyin, su sake kama ƙasa, mota ta dawo hanya. Gabansa zai faɗi, amma zai isa gida.

Yanzu juya lamarin: sabbi a gaba, tsofaffi a baya. Gaba ya kama ƙasa gam, sitiyari na amsawa yadda ake so, don haka direba ya saki jiki, bai ga dalilin rage gudu ba. Babu abin da zai gaya masa baya na gab da saki, domin tayoyin baya ba su haɗe da sitiyari. Sai dai kawai ya ji gindin motar ya fara zagayowa ta gefe. Zai ɗaga ƙafa kamar yadda direban farko ya yi, wataƙila ma ya taka birki. To a nan abin da ya ceci wancan shi zai ƙara jefa wannan cikin haɗari, domin nauyi zai tsere gaba, bayan da dama ba shi da nauyi a irin wannan mota ya ƙara yin shafal, sai ta yi katantanwa. Gyaran wannan yana buƙatar a murɗa sitiyari da sauri zuwa ɓangaren da gindin ya nufa, a kuma dawo da shi a kan kari, cikin abin da bai kai daƙiƙa biyu ba. Direbobin tsere ke koyon wannan a fili na musamman. Mai kai yara makaranta bai taɓa gwadawa ba, kuma ba a tsakiyar 'yan zemijan, masu babur na haya, ya kamata ya fara koyo ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda irin wannan motar ke ƙarewa. Wadda gabanta ya zame, in ma ta bugi wani abu, da goshi za ta buga, inda akwai injin da ƙarfen da aka ƙera don ya lanƙwashe ya shanye bugun, ga bel, ga jakar iska. Wadda bayanta ya zame kuwa gicciye take tsayawa a titi, ta ba wa mai tahowa haƙarƙarinta, inda babu komai tsakanin fasinja da babbar mota sai ƙofa. A kan hanyar Porto-Novo, bayan an wuce wurin biyan kuɗin hanya na Ekpè inda ake sakin gudu, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Wani zai ce ai motocin zamani suna da na'urar da ke hana su juyawa. Haka ne, ana kiranta ESP ko ESC, tana taka wa taya ɗaya birki da kanta don ta miƙar da motar. Sai dai a Tarayyar Turai ba ta zama dole a kan kowace sabuwar mota ba sai a Nuwamban 2014, kuma da yawa daga cikin motocin da ke yawo a titunanmu sun girmi wannan doka. Ko mai ita ma, na'urar da tayar take aiki. In roba ba ta kama ƙasa, babu abin da kwamfuta za ta yi.

Gaskiya ɗaya da bai kamata a ɓoye ba: sa tsofaffi a gaba yana da nasa farashin. A titi mai ruwa, tazarar da mota za ta ci kafin birki ya tsayar da ita za ta ɗan ƙaru, kuma gaban zai riga hawa ruwa. Masu gwajin taya sun san da haka, suka auna haɗarin biyu, suka zaɓi wanda direba zai iya ji kuma ya iya gyarawa. Amma shawarar tana da sharaɗi, wato tsofaffin su kasance masu sauran zane. Leƙa cikin magudanan tayar, za ka ga wasu 'yan tudun roba a gicciye. Tsayinsu milimita 1.6 ne, iyakar da dokar Turai ta yarda da ita ke nan. In zanen ya cinye har ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki, ba ta da wuri a gaba, ba ta da wuri a baya. Mai bin titin damina ma bai kamata ya jira ta kai can ba. Daga milimita 3 ya fara tanadin kuɗi.

Akwai dalili na biyu, wanda a ganina ya fi shafar mu fiye da Turawa. Tunda na baya ba sa saurin cinyewa, mai motar da kullum gaba yake canzawa zai iya sauya na gaba sau biyu ko uku, na baya suna nan inda suke. Ido na ganin zane, sai a ɗauka lafiya lau. Alhali roba tana tsufa ko ba a taka ta ba: rana na gasa ta, tana bushewa, gefenta na yin 'yan tsage-tsage sirara. Ranar da aka cika but da kaya, mutum huɗu a kujerar baya, aka ɗauki hanyar Bohicon zuwa Parakou da tsakar rana, a kan waɗannan tsofaffin ne lodin zai sauka. Direbobi sun fi tsoron fashewar tayar gaba, kuma abin tsoro ce, amma aƙalla sitiyari na hannunka. In ta baya ta fashe, gindin mota ne ke kaɗawa, wanda kuma ya danna birki da ƙarfi a wannan hali yana iya wuntsilawa. Masu karatu a Najeriya za su tuna haɗarin da ya ci ran ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja ranar 6 ga Maris 2016, bayan tayar baya ta fashe motar ta yi ta adungure. Tasu babbar jif ce, ba irin motar da muke magana a kai ba, amma ta nuna abin da tayar baya ke iya yi. In kana mayar da na baya gaba duk lokacin da ka sayi sabbi, babu tayar da za ta tsufa a ɓoye, kowacce za ta zo gaba ta cinye a kan lokaci.

Yawancinmu dai gwanjo muke saya, waɗanda aka ciro daga motocin Turai. Ƙa'idar ba ta canza ba, biyun da suka fi kyau su ne na baya, sai dai a nan dole ka san yadda ake gane mai kyau. Juya tayar ka nemi rubutun da ya fara da DOT a gefenta. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanonin mota da dama suna cewa a canza taya bayan shekara 6, Michelin kuwa ta ce ko yaya take kada ta wuce 10. Sannan ka duba ko akwai hoton dutse mai tsini uku da ɗan tauraron ƙanƙara a ciki. Galibi wannan tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi ce don sanyi. Zanenta na da zurfi, tana ɗaukar ido a rumfa, amma a kwaltarmu mai zafi tana saurin cinyewa kuma birkinta bai kai na tayar zafi ba. In akwai kibiya a gefe, tayar hanya ɗaya take juyawa, ba a ɗaura ta a juye. Biyun da za su zauna a layi ɗaya kuma su zama girma ɗaya, kamar 195/65 R15, iri ɗaya, zurfin zane kusan ɗaya. Wanda ƙarfinsa na taya ɗaya ne tak, ya haɗa ta da wadda ta fi kyau cikin sauran, ya sa su a baya.

Motocin da tayoyinsu na gaba da na baya ba girma ɗaya ba ne, da masu ja da duka huɗu, nasu hukuncin daban ne, a bi littafin motar. Wanda kuma ya sayi huɗu a tare, yana iya kauce wa duk wannan ta hanyar musanya na gaba da na baya kowane kilomita 8,000 zuwa 10,000, su riƙa cinyewa tare.

Kirana na ƙarshe ga masu faci ne, domin a bakinsu yawancin masu mota ke jin hukunci. Malam, in Alhaji ko Hajiya suka kawo maka taya biyu, ka duba na bayan tukuna, ka karanta musu shekarunsu, ka gaya musu inda sabbin ya kamata su zauna. Kai kuma mai mota, aikin zai zama kwance taya huɗu maimakon biyu, don haka ka ƙara masa kuɗin wahalarsa ba tare da ciniki ba, ka sa a auna iska daidai da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, kuma ka yi wannan kafin ruwan Afrilu ya sauka.