Tsuntsaye Biyu Masu Ba Da Taki

Duk manomin da ya taɓa zuba kashin kaji a lambu ya san ƙarfinsa. To, akwai tsuntsayen teku da kashinsu ya fi wannan nesa ba kusa ba. Turawa na kiran irinsu kwamoran. Masunta na Kwara da Tafkin Cadi sun san wani ƙaramin ɗan'uwansu, baƙin nan mai nutso ya kamo kifi, sa'an nan ya hau reshe ya shanya fukafukai.

Na farko yana gaɓar ƙasar Peru, a Amurka ta Kudu. Bayansa baƙi, ƙirjinsa fari. Can ba a cika yin ruwan sama ba, saboda haka kashin ya yi ta taruwa a tsibirai shekaru aru-aru ba tare da ya salance ba. Daga wajen 1840 jiragen ruwa suka dinga jidarsa zuwa gonakin Ingila. Tsananin darajarsa har ya sa Sifen ta kame tsibiran Cinca a 1864. Da aka ga tudun ya kusa ƙarewa, a 1909 aka kafa kamfani mai tsaron tsuntsayen, suka yaɗu har miliyoyi. Amma fa abincinsu wani ɗan ƙaramin kifi ne, kuma mutane suka shiga kamunsa don yin garin abincin dabbobi. A 1970 an kama wajen ton miliyan 12. A 1972 ruwan teku ya yi ɗumi, kifin ya ɓace, tsuntsaye suka yi ta mutuwa da yunwa. Yanzu ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin waɗanda ke dab da shiga hatsari.

Na biyu yana gaɓar Afirka ta Kudu da Namibiya. Shi baƙi ne gaba ɗaya, sai ɗan rawaya a maƙogwaro. Kusa da Walbis Be har dandamalin katako aka gina masa cikin teku, ya riƙa kwana a kai, a riƙa kankare taki. Nasa halin ya fi muni. Sadin ya yi ƙaranci, ga cuta. Tun 2013 aka lissafa shi cikin masu fuskantar ƙarewa, kuma a 2021 murar tsuntsaye ta kashe fiye da 20,000 a Afirka ta Kudu. Farkon shekaran nan ɗin ma an tsinci 'yan tsaki barjat a tsibirin Roben, iyaye sun gudu sun bar su, sai mutane ne suka kwashe su suka ciyar da su da hannu.