Jirgin ƙasa da motar shata: Yadda ake tsara tafiya zuwa Argungu

Gasar kamun kifi ta Argungu, inda dubban masunta ke rugawa cikin kogin Matan Fada ɗauke da homa da gora, ba ta wuce kimanin sa'a guda. Amma baƙon da ya taso daga Abuja domin ya gane wa idonsa, sai ya shafe yini guda cur a kan hanya, wani lokacin ma har da kwana. Dalili kuwa shi ne babu layin dogo ko na taku ɗaya a faɗin jihar Kebbi, saboda haka duk wanda ya fara tafiyar a jirgin ƙasa tilas ne ya ƙarasa ta a mota.

Inda dogo ya tsaya

A shekarar 1911 layin dogo ya isa Kano. Turawan mulkin mallaka ba domin fasinja suka shimfiɗa shi ba, abin da ke gabansu shi ne kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Reshen da suka ja daga Zariya, wanda ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, kuma a nan ya tsaya. Shekaru biyar bayan haka, a 1934, Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu Argungu, ziyarar da ta zama mafarin bikin a sigarsa ta yanzu. Gwamnatoci sun sha yin alƙawarin ƙarasa dogon zuwa Sakkwato da Birnin Kebbi, amma har yau shiru. Shi kansa reshen na Ƙaura Namoda ba shi da jirgin fasinjan da matafiyi zai dogara da shi.

Abin da ya rage shi ne jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka ƙaddamar a watan Yulin 2016. Tsawon layin kilomita 186 ne daga tashar Idu zuwa ta Rigasa, kuma tafiyar kan ɗauki sa'o'i biyu zuwa uku. Ana sayen tikiti ta intanet, ana kuma neman lambar katin ɗan ƙasa, sharaɗin da aka tsaurara bayan harin da 'yan bindiga suka kai wa jirgin a ranar 28 ga watan Maris na 2022, wanda ya sa aka dakatar da zirga-zirga har zuwa watan Disambar shekarar.

Hanyoyi biyu

Wanda ya sauka a Rigasa yana da sauran tafiyar da ta haura kilomita 500 a gabansa. Zai fara neman tasi zuwa tashar motar Kawo, daga nan ya bi ta Zariya, Funtuwa, Tsafe, Gusau da Talatar Mafara zuwa Sakkwato, sannan ya karya kudu maso yamma kimanin kilomita 100 zuwa Argungu. Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi kuma tafiyar ƙasa da sa'a guda ce.

Ɗaya hanyar ta kudu ce: daga Abuja zuwa Minna, Tegina, Kwantagora, Yawuri, Koko da Jega, har Birnin Kebbi. Wanda ya zaɓi wannan ba ruwansa da jirgin ƙasa, domin Kaduna ba a kan hanyarsa take ba. Akwai dai titin da ya haɗa Kaduna da Tegina ta Birnin Gwari, wanda a kan taswira yake ban sha'awa, amma direbobi da dama sun daɗe da ƙaurace masa saboda hare-haren 'yan fashin daji.

Ko wacce aka ɗauka, abin da ke yanke hukunci shi ne lokacin faɗuwar rana. Tsakanin Funtuwa da Gusau, da kuma tsakanin Tegina da Kwantagora, wurare ne da aka sha tare matafiya a cikin shekarun baya-bayan nan, kuma direban da ya san hanya ba ya yarda magariba ta riske shi a can. Ke nan jirgin safe na farko ne kaɗai zai iya ba mutum damar wuce Zamfara da sauran rana, shi ma idan bai makara ba. Wanda ya hau jirgin yamma gara ya kwana a Kaduna ko Zariya, ya kama hanya bayan sallar asuba.

Hayar mota a nan da can

A ƙasa irin Faransa, mai yawon buɗe ido kan hau jirgi mai sauri daga Paris ya sauka a Bordo cikin sa'o'i biyu da 'yan mintoci, ya karɓi makullin motar haya a nan tashar, ya tuƙa kansa zuwa ƙauyukan da ake noman inabi. A arewacin Najeriya kuwa, mota da direbanta ake ɗauka, wato shata, kuma a bakin tasha ake ƙulla cinikin, galibi a gaban 'yan kamasho.

A nan ne ake samun saɓani idan ba a yi magana filla-filla ba. Wa zai sayi mai? Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan tambaya ta fi kowace nauyi. Wa zai ɗauki nauyin abinci da makwancin direba? Kwanakin da motar za ta yi tana jira a Argungu, nawa ne kuɗinsu? Idan kuma kai wa kawai za a yi, direba zai lissafa da dawowarsa babu fasinja. Mutum huɗu ko biyar da suka haɗa kuɗi sukan ga shata ta fi musu, domin su ke da ikon tsayawa sallah da tashi a lokacin da suka ga dama. Mai tafiya shi kaɗai sai dai ya jira mota ta cika, kuma wannan jira na iya cinye sa'o'in safiyar da yake tattali.

Hanya mafi sauƙi, ga mai hali, ita ce ya sauka a filin jirgin saman Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi ko na Sultan Abubakar na Uku a Sakkwato, ya ɗauki shatar gajeren zango. Sai dai akan yi bikin ne a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da hazo kan sa a jinkirta tashin jirage ko a soke shi.

Bayan an isa

Masaukin baƙi a Argungu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da cincirindon da bikin ke jawowa, musamman tun bayan da hukumar UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada a 2016, aka kuma farfaɗo da shi a 2020 bayan ya yi shekaru kimanin goma ba a gudanar ba. Baƙi da yawa a Birnin Kebbi ko Sakkwato suke kwana, su yi sammako. Wannan ne ya sa riƙe mota ɗaya na tsawon kwanakin ya fi neman sabuwa kullum. Da ita mutum zai leƙa gidan tarihi na Kanta, wanda tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce, ya ziyarci hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, ya kuma ratsa fadamun shinkafar da suka mamaye kwarin Rima.

Layukan dogon da aka aza harsashinsu a 2021, wato na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina, babu wanda ya nufi Kebbi. Babban aikin da ya shafi jihar shi ne titin Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wanda aka ƙaddamar a watan Oktoban 2024, kuma kilomita 258 daga cikinsa a ƙasar Kebbi za su ratsa.