Zauren Nuni na Jami'ar Zariya

Zariya babban gari ne a arewacin Nijeriya. Mai tashi daga Maraɗi zai bi ta Ɗan Isa, ya ƙetare iyaka wajen Jibiya, ya wuce Katsina da Funtuwa. Kafin ya shiga birnin Zazzau zai tarar da wata unguwa, sunanta Samaru. Nan Jami'ar Ahmadu Bello take. An buɗe ta a shekarar 1962.

Jami'a ita ce makarantar ƙoli. Kun san ta Yamai, kun san ta Maraɗi mai sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. A jami'a ake koyon likitanci da shari'a da ilimin noma. To, a ta Zariya akwai wani sashe inda aikin ɗalibai shi ne zane, da sassaƙa, da gina siffofi. Ƙato da gemunsa zai wuni gaban allo da buroshi a hannu, yana gauraya launi. Shekara huɗu zai yi yana haka kafin a ba shi digiri.

Na san cikinku akwai mai dariya. Zai ce: ashe zanen da muke yi a bayan kaye, mushe yana hana mu, har jami'a ake zuwa dominsa? I, ana zuwa.

Abin da ake koyo

Ɗalibi yana farawa da fensir da gawayi. Sai a ajiye tulu ko kujera a tsakar ɗaki, a ce kowa ya zana. Abin da ake koya masa da fari shi ne kallo. Ina haske ya faɗo? Ina inuwa ta kwanta? Bakin tulun da cikinsa, wane ya fi faɗi, kuma da kamar nawa? Yawancinmu ba mu kallon abu da kyau. Mun san tulu, sai mu zana tulun da ke cikin kanmu, mu bar wanda ke gabanmu. Ku gwada da butar ajinku za ku gani.

Daga baya kowa ya zaɓi hanyarsa. Wani ya ɗauki zanen fenti. Wani ya ɗauki sassaƙa: itace, ko siminti, ko ƙarfen da aka zubar, ya haɗa da walda. Wani ya karanta tarihin zane, wani ya koyi yadda ake koyar da shi ga yara. Kusa da su akwai sashen masu ƙera kayan amfani, inda ake ginin tukwane, da saƙa da rini, da tsara hotunan littattafai da na talla. Hoton da ke cikin littafin karatu, da zanen da ke jikin atamfa, da tambarin da ke kan buhun taki, duk wani ne ya zauna ya zana su, kuma an biya shi.

Yadda ake nuni

Zauren nuni ɗaki ne mai faɗi, mai farin bango, ba tarkace a ciki. An bar bangon fari don kada ya janye ido daga zanen. Ana rataye kowane zane daidai idon mutumin da ke tsaye, a bar fili tsakaninsa da na kusa da shi. Siffofi da tukwane kuwa a kan ɗora su bisa ƴan dakali, yadda mai kallo zai kewaya ya gan su ta ko'ina.

Gefen kowane aiki akwai ƴar takarda. Abu huɗu ake rubutawa a kanta: sunan wanda ya yi aikin, da sunan da ya raɗa ma aikin, da abin da ya yi shi da shi, da shekarar da ya yi shi. Ku riƙe zancen takardar nan, za mu komo gare ta.

Ranar buɗewa ana gayyatar mutane, a yi jawabi, sannan a shiga kallo. Ba a taɓawa, domin gumin hannu yana ɓata launi. Amma tambaya a buɗe take. Kana iya tsayar da mai zanen ka ce: me ya sa ka yi sama da ja? Shi kuma ya ba ka amsa, ko ya ce kai me ka gani. Wani ya saya, wani ya rubuta ra'ayinsa cikin littafin baƙi ya tafi.

Ga ɗaliban ajin ƙarshe nuni jarrabawa ne. Ba a ɓoye take ba kamar tamu ta takarda. Aikin mutum yana rataye, malamai suna dubawa, abokai suna dubawa, har mai wucewa ma yana da ta cewa. Wanda ya yi lalaci ba shi da wurin ɓuya.

A waje kuma akwai wani fili da ake kira lambun siffofi. Ɗaliban sassaƙa ne suka cika shi shekara da shekaru, da siffofin siminti da na ƙarfe, wasu sun fi mutum tsawo. Rana da ruwa suna dukansu, saboda haka suna bukatar gyara kamar yadda ginin ƙasa yake bukatar yaɓe.

Samarin 1958

Sashen nan ya girmi jami'ar kanta. A 1955 aka kawo shi Zariya daga Ibadan, lokacin wurin yana kwaleji. Turawan Ingila ke mulkin Nijeriya, kuma yawancin malaman daga can suka zo. Akwai dai mace ɗaya ƴar ƙasa cikinsu, Clara Ugbodaga-Ngu. Zanen Turai ake koyarwa, da tarihin gwanayen Turai. Na Afirka ba a ba shi wuri ba.

A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Daga baya mutane suka yi musu laƙabi da ƴan tawayen Zariya. Kada ku ji tawaye ku zaci faɗa. Ba su jefi kowa ba, ba su bar aji ba. Taruwa suke yi suna muhawara. Abin da suka ce shi ne: za mu koyi dabarun Bature duka, fentinsa da ma'auninsa, amma abin da za mu zana daga gidanmu zai fito. Lokacin hutu kowa ya koma garinsu ya tambayi tsofaffi, ya duba abin da ake yi can tun kaka da kakanni.

Uche Okeke Ibo ne, amma a Kafancan ya tashi. Ya koma ga wani zane da matan Ibo suke yi a jiki da bangon ɗaki, ana kiransa uli. Da ma ba wanda ya ɗauke shi abin kai wa makaranta. Shi ya ɗauki layukansa masu lanƙwasa ya sa su a takarda. A 1970 ya zama shugaban sashen zane na jami'ar Nsukka, ya sa ɗalibansa su ma suka nazarci uli. Bruce Onobrakpeya ya bi tatsuniyoyin mutanensa Urhobo. Yusuf Grillo ya zana mutanen Ikko, ya shahara da launin shuɗi, irin na rini. Demas Nwoko ya karkata ga gini, yana amfani da ƙasar wuri, yana tsara ɗaki yadda iska za ta ratsa. A 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta magina a birnin Banis na Italiya, yana da shekara fiye da 85. Wani abokin karatunsu, Jimo Akolo, ya zana makaɗa da mahayan dawaki na ƙasar Hausa, kuma ya daɗe yana koyarwa a Zariya.

Ƙungiyar ba ta daɗe ba. A 1961 ta watse, don manyanta sun gama karatu. Shekara uku ke nan. Amma a watan Oktoba na 2025, da aka buɗe babban nunin zanen Nijeriya a gidan Tate Modern na Landan, ayyukansu suna ciki.

Ni a ganina wayonsu shi ne ba su zubar da kome ba. Da sun ƙi koyon na Bature, da hannunsu bai ƙware ba. Da sun tsaya ga nasa kaɗai, da sun zama masu kwafi. Ku ma da kuke karatu da Hausa da Faransanci kun san ɗaya ba ya korar ɗaya.

Namu fa?

Da ɗalibin Zariya zai zo hutu Agye ko Gazawa ko Gidan Runji, me zai tarar?

Zai tarar da ƙwarya. Mai zanen ƙwarya yana sa ƙarfe a wuta, in ya yi ja sai ya ja layi a bayanta. Ba ya gogewa, don ƙuna ba ta goguwa. Ba shi da ma'auni, amma layin da ya fara zai kewayo ya haɗu da kansa. Ku gwada yin haka da alli a kan tulu, ku ga wuyarsa. Zai tarar da faifai da tabarma, inda mai saƙa take ƙirga kaba a kanta, ja kaza, baƙi kaza, har siffa ta fito. Wannan lissafi ne, ko da ba ta taɓa riƙe alli ba. Zai tarar da dukawa masu aiki da fatar jar akuyar Maraɗi: a jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Zai ga aska takwas a gaban babbar riga, da kayan dawakin fadar Tsibiri ranar hawa, da zayyanar da alaramma yake yi ma allon mai sauka. Yawancin zanenmu ba hoton mutum ko dabba ba ne. Layi ne da kusurwa da ƙulli, irin dagi. Wannan ma gwaninta ce, kuma ana nazarinta.

Amma ku tambayi kanku: wa ya zana ƙwaryar da innarku take dama fura a ciki? Ba wanda ya sani. An saye ta ranar kasuwa, shi ke nan. In ta fashe sai a sayi ta roba. Mai zanen ya tsufa, ɗansa ya tafi bida, ƙarfen ya yi tsatsa a saƙo. Ba laifin roba ba ne, tana da arha kuma ba ta fashewa. Sai dai in hannun ya tafi ba a mai da shi.

Ga amfanin ƴar takardar nan ta zauren nuni. Mutum biyu za su nuna muku.

Na fari Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani. Shi ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya da ƙasa, zamanin Sarki Abdulkarimu, kusan shekara 190 da suka wuce. An riƙe sunansa, shi ya sa har yau masu koyon gini suke nazarin bakan gizon da ya ɗaura a ciki.

Ta biyu Ladi Kwali, Bagwariya mai ginin tukwane. A ƙauye ta koya, da hannu, kamar yadda matan Mirya suke yi a jihar Damagaram. Tana zana kifi da ƙadangare da kunama a jikin randa. A 1954 ta shiga wata makarantar tukwane da wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja. Can ta koyi aiki da injin juyi da gasa tukunya a tanderu mai zafi ƙwarai, amma ba ta bar zanenta ba. Aka kai tukwanenta nuni Ingila da Amurka da sunanta a kai. Ba ta yi boko ba. Duk da haka a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a 1984. In wani ɗan kasuwa ya zo da takardar naira 20, ku juya bayanta: matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce.

A ƙasarmu ma akwai wurin nuni. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, mai sunan Bubu Hama, an buɗe shi a 1959. A cikinsa maƙera da masaƙa da dukawa suna aiki a gaban masu kallo.

Nunin ajinmu

Ba sai da fenti na kanti ba. Baƙin tukunya da ƙaro suna ba da tawada, kamar ta makarantar allo. Jar ƙasa da farar ƙasa suna nan a bakin tabki. A daka su, a tankaɗe, a jiƙa da ruwan ƙaro don su kama takarda. Bayan kwali ko takardar buhun siminti sun isa allo.

Kowa ya kawo abu biyu: zane ɗaya na hannunsa, da abu ɗaya na gida, faifai ko ludayi ko zabira. Na gidan kada a kawo shi sai da izini, kuma sai an tambayi wanda ya yi shi. In ba a sani ba, a bi sawu har kasuwa. A rubuta ƴar takarda da Hausa da Faransanci: suna, da gari, da abin da aka yi shi da shi, da shekara. In kuna cikin runfar kara, a ɗaure igiya daga gefe zuwa gefe a rataye. Sai a kira iyaye, a kira masu aikin su ma, su zo su ji ana karanta sunansu.

Mai son gwada irin aikin Bruce Onobrakpeya, watau bugu, ya sami dankali babba ya raba shi biyu. Ya sassaƙe siffa a fuskar da ya yanka, ya shafa tawada, ya danna a takarda. Inda ya rarake zai fito fari, inda ya bari zai fito baƙi. Sassaƙa ɗaya tana ba da hoto ashirin ko fiye. Sai dai bugu yana juya abu, dama ta koma hagu. Wanda zai sa harafin farko na sunansa, sai ya sassaƙe shi a juye.